Saƙo Talatin da Ɗaya da Suka Ƙi Fita

Shekara ashirin da shida Gwaggo ta yi tana aika wasiƙun kamfanin gine-ginen nan, ko guda ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannunta ba. Ba ta tara mota ba, ba ta gina gida ba, amma in ka tambaye ta me ta samu a aikin nan, wannan maganar za ta faɗa maka, kuma tana kallon tsakiyar idonka za ta faɗe ta. Shi ya sa abin da aka yi mata a makon nan, duk mai zuciya a ƙirji in ya ji sai ransa ya ɓaci.

Sakatariya ce. Tana da shekara ashirin da biyu ta kama aiki, lokacin kamfanin ɗaki biyu ne kacal a saman wani shagon fenti, da tafireta ɗaya mai ƙara kamar ana fasa dutse. Mai Kamfani a lokacin da kansa yake hawa tsani yana auna bango. A kan teburin nan ta yi cikin 'ya'yanta uku, a kansa aka zo aka gaya mata mijinta ya faɗi a wurin aiki, kuma kansa ta dawo bayan makoki, da Auta a goye. Direbobi da magina ne suka laƙaba mata Gwaggo, saboda ita ce mai yi musu faɗa in sun shigo da takalmi duk siminti, ita ce kuma mai rubuta musu takardar asibiti in jiki ya ƙi. Har Mai Kamfani, da ya girme ta da shekara goma sha wani abu, Gwaggo yake ce mata.

Tana da wani littafi mai baƙin bango da take kira littafin aike. Tun zamanin masinja da keke ta fara shi: rana, lokaci, wanda aka aika wa, sai ta ja layi da jan biro in wasiƙa ta tafi. Da kwamfuta ta zo aka koma imel, ba ta daina ba. Tana danna aikawa, ta ji ɗan ƙaran nan na tafiyar saƙo, ta rubuta a littafi, sannan ta ɗaga waya ta kira can ta ce, "Kun gani?" Littafi na goma sha huɗu take ciki yanzu.

Wani tsohon mai gyaran kwamfuta ne ya fara haɗa mata imel, Allah ya jiƙansa. Da ya gama, ya yagi takarda ya rubuta layi huɗu: sunan sabar da ke karɓo mata saƙo, sunan wadda ke fitar mata da shi, da lambar kowacce. Ya manna takardar da salatif a ƙarƙashin kibod ɗinta, ya ce, "Duk ranar da na'urar nan ta manta hanya, ki karanta mata wannan." Ita kuwa ba ta yarda da takarda guda ɗaya, sai ta kwafe layukan a cikin bangon littafin aike. Duk sabon littafin da ta buɗe, su take fara kwafewa.

Sai bara aka kawo sabon Manaja. Mutum ne mai turare, tun yana ƙasan bene kake sanin ya iso, kuma ya zo da niyyar gyara duk abin da bai lalace ba. A makonsa na farko ya sa aka cire wayar tebur ɗin Gwaggo, wai a zamanin nan ba a bin imel da kiran waya, abin kunya ne a gaban manyan mutane. A na biyu ya ce kada ya ƙara ganin ko ƙyallin takarda manne a jikin kwamfuta, mai shara ta bi da reza ta kankare takardar tsohon nan ta zuba a kwando. Littafin aike kuma ya ɗaga shi da yatsa biyu a gaban mutane, ya ce, "Gwaggo, wannan ai gidan tarihi ya kamata a kai shi." Aka yi dariya. Ta karɓe abinta ta mayar aljihun tebur.

Mai kula da kwamfutocin ofis yanzu Injiniya ake ce masa. Magidanci ne, da mata da 'ya'ya biyu, ɗan aminin marigayi mijinta. Shekara bakwai da suka wuce yana yawo da takardun makaranta a leda, ita ta buga masa takardar neman aiki, ita ta tsaya a gaban Mai Kamfani ta ce, "Ɗana ne, in ya yi ba daidai ba ni za a kama." Shi in ya ce mata Gwaggo, ba irin ta direbobi yake nufi ba.

To, ranar Juma'a da yamma, mutane na haɗa jakunkuna, Manaja ya ba da umarni a sabunta manhajar imel a kan duka kwamfutocin ofis. Injiniya ya roƙe shi mako guda don ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya adana saitin kowacce, Manaja ya ce shi ba ya aiki da masu jan ƙafa. Aka danna. Sabbin kwamfutoci suka ɗauko saitinsu da kansu. Tsofaffin guda biyar da aka saita da hannu, sabuntawar ta share musu wasu gurabe tas. Masu huɗu daga cikinsu sun gane tun safiyar Litinin, don saƙo ya daina shigo musu, suka yi ta ihu har aka gyara. Ta Gwaggo ce ta zo da munafunci: saƙo na shigowa lafiya lau, amma gurbin sabar da ke fitarwa ya zama fanko. In ta danna aikawa, ƙaran nan zai fito kamar kullum, saƙon kuma ya je ya kwanta a akwatin fita. Akwatin nan ma sabuwar manhajar ta cusa shi ƙarƙashin wata 'yar kibiya da sai mai neman fitina zai lura da ita.

Ranar Litinin ƙarfe goma da minti goma sha biyu Gwaggo ta aika takardun neman kwangilar gina wata makaranta, aikin da ofis ya yi wata biyu yana haɗawa, wanda za a rufe karɓa ranar Laraba da tsakar rana. Ta ji ƙara, ta ja jan layi. Hannunta ya tafi inda waya take da, ya tarar da tebur. Sai ta rubuta wa Manaja ɗan gajeren saƙo cewa takardu sun tafi, ya taimaka ya kira masu makarantar ya tabbatar, tunda shi ke da waya.

Ranar Talata mai kula da sito ya ce mata bai ga jerin kayan da ta ce ta turo ba. Jikinta ya ba ta wani abu, ta tare Injiniya a kan bene.

"Ɗana, zo ka duba mini na'urar nan. Tun da kuka taɓa ta ban gane mata ba."

"Saƙo na shigowa, Gwaggo?"

"Yana shigowa."

"To ai lafiyarta ƙalau. Intanet ne ke ɗan nauyi. Zan leƙo."

Bai leƙo ba.

Ranar Alhamis da safe Manaja ya kira masu makaranta don ya ji ko an dace, aka ce masa ba su ga ko harafi daga kamfaninsa ba, kuma an rufe tun jiya. Abin da ya yi bayan ya ajiye waya shi ne ya fi komai ciwo. Ya kira Gwaggo ofishinsa, ya ce ta zo da takarda da biro. Ta zauna ta gyara tabarau, ya fara yi mata shifta kamar yadda aka saba. Sai da ta kai layi na uku ta gane takardar tuhumarta take rubutawa. Wai sakaci, wai ƙin tafiya da zamani, wai ta yi bayani gobe Juma'a ƙarfe tara a gaban Mai Kamfani dalilin da zai sa ba za a sallame ta ba.

"Ranka ya daɗe, na aika. Litinin, goma da minti goma sha biyu. Yana cikin littafi."

"Littafi," in ji shi, yana murmushi. "Ni ma sai in sayi littafi in rubuta na gina gada. Ki buga ki kawo in sa hannu, ki saka kwafi a fayil ɗinki."

Ta buga. Da hannunta ta huda takardar, da hannunta ta saka ta a fayil ɗin da shekara ashirin da shida babu komai a ciki sai takardun yabo biyu da na hutun haihuwa. Ba ta yi kuka ba, amma biron da ke hannunta sai da ya tsage.

Bayan azahar sai ga Injiniya, wanda aka yi kwana biyu ana nema, ya shigo da kansa har da sallama mai taushi. Ya ce ya zo ya ɗan duba mata na'ura. Ta matsa masa, amma ba ta tashi ba. Ya danna 'yar kibiyar nan, akwatin fita ya buɗe, sai ga saƙonni jere reras, talatin da ɗaya, kowanne da ranarsa da lokacinsa. Na can ƙasa: Litinin, goma da minti goma sha biyu. Gwaggo ta ji kamar an sauke mata buhun siminti daga ka.

"Ga su nan," ta ce. "Ashe suna nan."

"Saitin fita ne ya goge, Gwaggo. Minti biyu na gyara miki."

Ya buɗe wurin saiti, gurbin na nan fari fat. Ya kafa wa kibod ido, ya ƙi ya kalle ta. Wannan ne ya tsayar da ita. Ta san shi tun yana rarrafe, ta san yadda yake yi in ya fasa kofi.

"Dakata. In ka gyara, ina za su?"

"Za su tafi mana."

"Akwatin nan fa?"

"Zai zama babu komai."

"Da wace rana za su tafi? Litinin ko yau?"

Ya janye hannu daga kibod. Ita ba ta san sabar ba, ba ta san manhaja ba, amma ta yi zamani da masinja, ta san wasiƙa ranar da ta bar gida ake buga mata hatimi, ba ranar da aka rubuta ta ba. In saƙonnin nan suka fita yanzu, na'ura za ta nuna Alhamis, kwana guda bayan an rufe, kuma gobe da wannan za a shafa mata kashin kaji a gaban Mai Kamfani.

Ta sunkuya ƙarƙashin tebur, da ciwon gwiwarta da komai, ta kama shuɗiyar igiyar intanet ta fizge ta daga bayan kwamfuta, ta zare ɗaya bakin daga bango, ta naɗe ta a hannu ta jefa cikin jaka.

"Wa ya turo ka?"

"Gwaggo, don Allah..."

"Na ce wa ya turo ka?"

"Manaja ne ya ce in gyara shiru kafin gobe. Ya ce in maganar sabuntawa ta fito, ni zan tafi. Gwaggo, ina da iyali."

"Ni kuma itatuwa na haifa ko?"

Ta nuna masa ƙofa. Da ya fita ta kashe kwamfuta, ta kulle ofis. Ɗakinta nan ne ɗakin fayil, makullinsa biyu ne a duniya, ɗaya a jakarta, ɗaya a wurin Mai Kamfani.

A gida Auta, wadda yanzu malamar jinya ce, ta tarar da ita zaune a tsakar ɗaki da mayafinta ba ta ko cire ba, ga igiya a kan cinya. Da ta ji labari ta hau faɗa.

"Mama, ki ajiye musu aikinsu. Mu uku muna aiki, me za ki rasa? A ce mutumin da bara-baran nan ya zo shi zai sa ki buga takardar korarki?"

"In na ajiye, me zai rage a fayil?"

"Fayil ɗin banza, wa zai karanta?"

"Ni na san abin da ke ciki," in ji Gwaggo. "Zan bar aikin nan wata rana, amma ba da sunan wadda ta ɓatar da wasiƙa ba."

Juma'a ƙarfe tara aka zauna a ɗakin taro. Mai Kamfani ya tsufa, yana dogara sanda, kuma ransa a ɓace yake, don ya sa rai da makarantar nan. Manaja ya yi bayani mai tsawo, da hannu da kafaɗa, a kan ma'aikatan da zamani ya wuce. Injiniya na can ƙarshen tebur yana ƙirga tayil ɗin ƙasa da ido. Da aka ce Gwaggo ta yi magana, ta miƙe ta ce, "Ranka ya daɗe, bakina ba zai yi ba. A zo ɗakina."

Manaja ya ce ɓata lokaci ne. Mai Kamfani ya riga ya ɗauki sandarsa.

Ta buɗe ƙofa, ta kunna kwamfuta, ta danna kibiya. Ta buɗe littafin aike a gefe, ta ce wa Mai Kamfani ya riƙe littafi, ita za ta karanta na kan na'ura. Tana faɗin rana da lokaci, yana bin jan layi da yatsa. Talatin da ɗaya a na'ura, talatin da ɗaya a littafi, ko minti ɗaya bai saɓa ba. Sannan ta buɗe wurin saiti ta nuna masa farin gurbin.

"Me ya kamata ya kasance a nan?" Mai Kamfani ya tambayi Injiniya.

"Sunan sabar fita, ranka ya daɗe."

"Ina ya tafi?"

Injiniya ya saci kallon Manaja, sannan ya kalli Gwaggo. "Sabuntawar Juma'a ce ta goge shi. Na nemi mako guda in adana saiti, ba a ba ni ba."

Manaja ya fara borin kunya, wai duk da haka ai ya kamata ta sanar da shi ya bi sawu, wai shi ba a gaya masa komai ba. Gwaggo ta juya masa baya. Ta ciro igiya daga jaka ta miƙa wa Injiniya, ta ce ya durƙusa ya mayar inda take. Ta juya bangon littafinta, ta karanta layin tsohon mai gyara, ta buga shi harafi bayan harafi da yatsa biyu, ta sa lambar, ta danna. Lambar da ke jikin akwati ta fara sauka: talatin, ashirin da tara, ashirin da takwas. Can sai waya ta yi ƙara a aljihun Manaja.

"Naka ne," in ji Gwaggo. "Na Litinin. A ciki na roƙe ka ka kira su, tunda ka cire mini waya. Karanta wa Mai Kamfani."

Bai karanta ba, Mai Kamfani ne ya miƙa hannu ya karɓi wayar ya karanta da kansa. Ya kalli Manaja, sannan ya ce su haɗu a ofishinsa, shi da Injiniya. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Gwaggo, magana ta wuce. Ki yage takardar nan."

Ka ji fa. Wai ta wuce. An ci mutuncin mace a rubuce, za a wanke ta da baki a bakin ƙofa.

"Ba a yage takardar fayil, ranka ya daɗe, kai ka koya mini. A rubuce aka tuhume ni, a rubuce za a janye."

Ita ta buga takardar janyewa, layi uku, babu ado. Manaja ya ce ta turo masa ta imel zai duba, ta ce a'a, ta ajiye masa ita a kan tebur da biro, ta tsaya a kansa har ya sa hannu. Ta huda ta, ta ɗora a kan ta jiya, ta rubuta a littafi, ta ja jan layi. Kwangila dai ta tafi, ba ta dawowa. Ba a kori kowa ba, Manaja na nan da turarensa, sai dai kafin a tashi an dawo da waya kan teburinta.

Da yamma, tana rufe aljihunan tebur, Injiniya ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Ta san ya faɗi gaskiya a ƙarshe, ta kuma san sai da ta kulle ƙofa ta tafi da igiya gida sannan ya faɗe ta. Da ta yi jinkirin minti biyu jiya, da shi ne zai zauna a ƙarshen tebur yana kallon ƙasa ana sallamarta.

"Gwaggo," ya ce, "don girman Allah ki yi haƙuri."

Ta saka littafin aike a jaka, ta ɗauki makulli, ta zo har gabansa.

"Na yi. Ka gaida matarka da yara. Amma daga yau in ka shigo ɗakin nan, Sakatariya za ka ce."

Ya matsa mata, ta kulle ƙofar.